Gaisuwar da Ban Amsa Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Haruna, mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Kowace shekara nakan zauna in ce zan rubuta alherinsa, sai in tarar abin da ya tsaya min a rai wata gaisuwa ce da ya yi min ban amsa ba.

A sharika ɗaya, wato kamfani, muke aiki, ta masu haɗa injin ban ruwa. Shi yana warsha, wurin ƙira, cikin tartsatsin wuta, ni ina ofis a sama, don shi ya tsaya min na yi karatu. A ofis ba wanda ya san ni Bahaushe ne. Larabcina ya goge, sunan mahaifinmu Adam kuwa rabin Khartum ke da shi. Na roƙi Yaya kada ya nuna ni ƙanensa ne, ya yi dariya ya ce to. Wanda ya tashi a Mayo, unguwarmu da ke gefen Khartum, ya san dalilina. Da zarar an kira ka Fallati, sunan da ake yi wa irinmu gori da shi, a gaban mutane, sai a fara tambayarka yaushe za ka koma ƙasarku, alhali kakanka a gonakin Jazira ya tsufa yana cirar auduga.

Sai wasu Turawa suka shigo sharikar, suka zo da shirin mutunta bambancin ƙabila. Aka yi mana bita, aka manna takardar kalmomin da aka hana. Gaskiya na ji daɗi, kuma har yau ban ce shirin banza ba ne, don shugaban warsha da ke jifan Yaya da kalmar nan dole ya kama bakinsa. Amma dokar ba ta san zagi daban, wasa daban ba. Shekara da shekaru Yaya da abokinsa Kuku, mutumin Dutsen Nuba, faranti ɗaya suke cin wake da hantsi, kowa na tsokanar dangin kowa har a ƙware. Yanzu sai a ci shiru kamar gidan makoki. Yaya ya ce min, "Sun hana zagi, madalla. Amma har da dariyar suka kwashe."

Daga nan aka shirya ranar al'adu, kuma ina cikin kwamitin. Matar da ke jagorantar shirin, da kyakkyawar niyyarta, ta ba kowane yankin Sudan teburinsa, ta ware ɗaya a ƙarshe ta ce na baƙinmu 'yan Afirka ta Yamma, wato Hausawa. Har manyan riguna aka sayo musu. Ni na buga takardar tsarin teburan da hannuna.

Ranar, Yaya ya zo da farar jallabiya da rawaninsa irin na kowa, rigar da sharika ta sayo ko taɓa ta bai yi ba. Ya ɗauki farantin agashen da ya gasa, ya wuce teburin baƙi, ya dire shi a tsakiyar fili. Ya ce wa mudir, shugaban sharikar, da Larabci, "Ya ustaz, baƙo ake kai wa abinci. Ni a gidan nan aka haife ni, ni zan ciyar." Sai ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa, kowa na ji, "Sani, ina kwana? Ka tashi lafiya?"

A gidanmu ƙarami ke fara gaida babba. Tun da nake bai taɓa riga ni ba sai ranar. Ƙofa ya buɗe min, na kuma gane. Na dubi takardun hannuna, na ce masa "Ahlan ya usta," yadda ake amsa wa kowane ma'aikaci. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da raba nama.

Bai taɓa tada maganar ba. Juma'a ta zagayo ya zo gidana a Umdurman kamar kullum, ya sha shayi, ya tsokani matata. Na yi ta cewa zan ba shi haƙuri, shekara ba ta cika ba ciwo ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da yaƙi ya watsa mu, tambayar da aka haramta a ofis ita aka fara yi mana a shingen hanya: kai wane iri ne? Takardar da aka manna a bango ban san inda ta ƙare ba. Amma wanda ya zo har Mayo ya fitar da matar Yaya da 'ya'yanta, ya riƙe su wata da watanni, Kuku ne. Ba na jin Yaya zai raina shirin Turawan. Cewa zai yi gyara baki abu ne mai kyau, sai dai bai kai cin faranti ɗaya ba.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar abokin da ya riƙe iyalinsa, ya bar min kunyar da ta sa yanzu nake tilasta wa 'ya'yana amsa min da Hausa ko da a cikin motar haya ne. Ita ma wannan takarda shi ya sa na rubuta ta da harshen da na ɓoye, inda kowa zai gani.

Lafiya lau, Yaya. Na tashi lafiya. Allah Ya jiƙanka.