Randar Inna a Tsohuwar Kwalta

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, kwalta ta ƙofar gidanmu take bi. Ƙauyenmu bai da nisa da Tsanyawa, gonaki sun matse shi ta kowane gefe, amma duk motar da ta taso daga Kano za ta yi arewa sai ta ratsa tsakiyarsa. Kana tsakar gida kana jin kwandasta na kiran fasinja, ƙamshin ƙosan tasha na shigowa har ɗaki. A gindin darbejiyar ƙofar gida akwai wata ƙatuwar randa da aka kafa a cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, ga moɗa a kai. Randar uwar mijina ce, wadda kowa a unguwa ke kira Inna.

Ruwan sadaka ne. Direba ya tsaya ya sha, Bafulatani mai kora shanu ya sha, masu dawowa daga kasuwa a ƙafa su sha har su wanke fuska. Na yi wata shida a gidan kafin maigidana ya gaya mini dalili. Yayansa, ɗan farin Inna, ya tafi ci-rani, ciwo ya kama shi a hanya, ya rasu a wani gari inda babu wanda ya san shi. Mutumin da ya kawo labarin ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi ruwa a ƙofar gidanta kafin ya cika. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, yana raye ma ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, balle yanzu ta zauna tana kiransa. Sai kawai ta aika kasuwa aka sayo mata randa.

Ni ce mai cika ta. Kullum da safe sai na ja guga takwas daga rijiyar tsakar gida, ina ja ina mita, don ni tun a gidanmu an san bakina ba ya shiru. Inna takan ce, “Ke 'yar nan, da da baki ake jan ruwa, da mun yi ambaliya.” Bayan la'asar kuma sai ta lallaba ta fita, don idonta ya fara rauni, ta ɗaga faifai ta zura hannu. In hannun ya shige har gwiwa kafin ya taɓa ruwa, sai ta dawo fuska a sake, ta ce, “Yau sun sha.” Ranar takan ci tuwo da yawa.

Wata rana sai ga wasu mutane da sanduna masu zanen ja da fari suna awo a bayan gari. Aka ce kwanar cikin garinmu ta cika haɗari, za a miƙar da hanya. Kafin shekara ta zagayo katafila ta share gonaki, har da rabin ta maigidana, aka shimfiɗa sabuwar kwalta miƙaƙƙiya a can waje. Ranar da aka buɗe ta na farka da asuba na rasa abin da ke damuna, sai can na gane shiru ne. Mai shayi ne ya fara kwashe bencinsa ya koma can, mai faci ya bi shi, masu ƙosai da masu rake suka rufa musu baya. Shagunan da ke jere da gidanmu suka koma wurin ajiye kara. Tsohuwar kwalta ta zama wurin shanya barkono da kuɓewa, awaki na kwance a tsakiyarta suna tuƙa, babu mai yi musu oda.

Kamar wannan bai isa ba, sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Maza suka watse neman abinci, mu kuma muka koyi yin tuwon da ake hango ƙasan akushi ta cikinsa. Rijiyarmu ta yi ƙasa, sai da aka ƙara wa igiya tsawo sau biyu. Ka jefa guga ya dawo rabi, rabin ma laka ce, sai ka zauna ka jira ruwan ya taru. Amma Inna ta ce randarta ba za ta kwana a bushe ba. Kuma ba a ba baƙo ruwan da ya daɗe, in ya kwana uku sai a juye shi a gindin darbejiya a zuba sabo. Na ce to a dawo da shi cikin gida mana mu yi wanke-wanke. Ta ce abin da aka fitar don Allah ba ya komawa ɗaki. Wallahi ranar har ƙwalla na yi don takaici, ina kallon ƙasa na shanye wahalata.

Abin da ya fi ci mini rai ba ruwan ba ne, ita ce. Ta fita bayan la'asar ta ɗaga faifai, yatsunta su jiƙe tun a bakin randa. Babu wanda ya sha. Ta tsaya ta juya fuska gabas, ta juya yamma, kamar mai sauraron tafiyar wani, sannan ta dawo ta zauna. Tuwon da ba ya isar kowa, ita nata ragewa take yi. Wannan randar kaɗai ce hanyar da take aika wa ɗanta wani abu, ga shi an toshe ta. Maigidana ya gwada kai tulu bakin sabuwar kwalta a kan kekensa. Motocin can ba su san birki ba, wucewa suke yi fuu. Da yamma ya dawo da tulun a cike yadda ya kai shi.

Nan ne dabara ta zo mini. Bayan azahar Inna takan kishingiɗa, ƙofar gida kuwa yanzu ko kare ba ka gani. Na yafa mayafi, na ɗauki bokiti, na leƙa hagu da dama, na fita. Na kamfaci ruwa da moɗa har bokitin ya cika, na gyara wurin, na shige madafa da shi. Na gaya wa kaina don Inna nake yi. Gaskiyar magana rabi don ita ne, rabi don bayana da ya gaji da jan igiya. Na kuma san sarai ruwan sadaka na taɓa.

Da la'asar ta yi ta fita. Ina laɓe a zaure ina kallo. Ta shafa faifai, ta ɗauke moɗa, ta zura hannu, ya shige har kusa da gwiwa. Ta daɗe a tsaye. Da ta shigo ta ce, “Yau an sha.” Ranar ta cinye tuwonta tas. Ni kuwa har da yi mata ƙarin bayani, wai na ji kamar muryar Fulani sun wuce da rana. Ta ce, “Allah Sarki.” Haka na yi ta yi kusan wata biyu, ina jin kaina gwanar wayo.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata yammar ta kira ni ta ce in riƙe mata hannu, ƙafarta na ciwo. Muka fita tare. Da muka isa gindin darbejiya ba ta ɗaga faifan ba, sai ta ɗora tafinta a kan moɗar.

Ta ce, “Tun da na kafa randar nan ban taɓa samun moɗar nan a kife ba. Matafiyi sauri yake yi. Ya sha ya jefar, wata rana a ƙasa nake tsintarta, faifai a karkace, ƙasa duk ta caɓe. Amma wannan baƙon nawa na yanzu, sai ya ɗauraye moɗa ya kife ta, ya daidaita faifai, har gindin randa yake sharewa. Kai, uwarsa ta yi masa tarbiyya.”

Na rasa inda zan sa kaina. Hannuna ne ya tona mini asiri, don a gidan iyayena in ka bar moɗa a buɗe sai ka sha dundu. Na durƙusa a wurin na ce, “Inna, ki yafe mini. Tun yaushe kika gane?”

“Tun ranar farko. Idona ne ya tafi, ba hankalina ba.” Sannan ta ce, “Me kike yi da ruwan?”

“Girki, Inna. Da ruwan sha.”

“Jikokina sun sha?”

“Sun sha.”

“Da ƙishirwa suka sha?”

Na ce ƙwarai kuwa.

Ta jingina da darbejiya, ta juya fuska wajen tsohuwar kwalta inda barkonon maƙwabta ke shanye. Ta ce, “Da farko raina ya ɓaci, na yi niyyar yi miki magana. Sai na kwana ina tunanin matar nan da ta ba shi ruwa. Ba ta tambaye shi ta wace hanya ya biyo ba. Ta ga mai ƙishirwa ne kawai.” Daga nan ta kama sunansa, a hankali, ta ce Allah ya kai masa ladan. Sau ɗaya ke nan na taɓa jin sunan daga bakinta, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ni ma na yi ta kuka kamar na san shi.

Da ta gama ta miƙo hannu na tashe ta daga jikin bishiyar. Muna shiga zaure ta ce, “Gobe ki cika ta da wuri. In kin zo ɗiba kuma ki daina sanɗa, ƙofar gidanku ce. Sai dai ki riƙa jefar mini da moɗar nan kamar mutane.”

Na yi mata alkawari. Amma har Inna ta bar duniya, kullum a kife take samun moɗar.