Ƙofar Almakashin Malam Wali

Shekara talatin da biyu Malam Wali ya yi yana yankan kwano a shagon Chukwuemeka da ke Sabon Gari, inda ake ƙera mazurarin injin niƙa. Kullum daga Fagge yake takowa, alli a aljihu. Zai zana mazurari a shimfiɗe kan fallen kwano, ya yanke, ya lanƙwasa, abu ya tashi tsaye tsaf. Mutum ne mai taurin kai na gaske, ba ya tambaya ko da zai ɓata.

Sai ga Felicia, 'yar mai shagon, ta dawo daga karatu da kwamfuta. Yanzu wai a allon kwamfutar za a zana, a danna, zanen ya kumbura ya zama abu mai kauri, a tura wa inji ya yanke. Chukwuemeka bai ɓoye masa ba.

"Malam, ina ganin girmanka. Amma in Juma'a ta zo ba ka iya ta da zane ba, kujerar nan wani zan ba."

Kwana huɗu yana fama. Zanensa ya fi na Felicia kyau, wannan ko ita ta yarda. Amma da ya danna, sai abu ya yi kwance abinsa kamar tabarma. Ya zagi kwamfutar, ya zargi lantarki, har ya fara zaton yarinyar ce ta yi masa wata mugunta. Abinci ya daina shiga. Tsoro yake ji, ba na yunwa ba, na a gan shi zaune a ƙofar gida da hantsi.

Ranar Juma'a da safe ya haɗiye girman kansa.

"'Yata, zo ki duba min."

Felicia ta ƙara girman zanen har layi ya yi kaurin yatsa. Can ƙasa, ta hannun dama, bakin layin biyu ba su haɗu ba. Ta buɗe sauran zanensa goma sha ɗaya. Duk haka suke, kuma a wuri ɗaya.

"Baba, in layi bai rufe ba, ba zai tashi ba. Me ya sa kake barin nan?"

"Ƙofar almakashi ce. Ta nan ake shiga. Haka maigidana na farko ya koya min."

Ta nuna masa allon. "Baba, nan babu almakashi."

Ya kama linzamin kwamfutar, ya rufe ƙofar da kansa. Nan take abu ya miƙe, ga kauri, ga inuwa. Chukwuemeka ya dafa kafaɗarsa ya ce kujera tasa ce.

Malam Wali kuwa idonsa na kan mazurarin. Juya abin yake ta yi a allo, sama da ƙasa, yana neman inda hannun mutum zai shiga. Bai samu ba.