Waɗanda Ba Su Kai Ƙwarya Ba

Shekarar da na yi aiki da wata ƙungiyar manoman doya a Lafiya, ni ne mai kwamfuta, kuma ina ji da kaina. Na koyi wani harshen ba kwamfuta umarni wanda ba ya bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ka miƙa masa dogon jeri, da alama guda ya gama da shi. Abin da ya fi burge ni, yana barin ka ƙera naka umarnin, ka raɗa masa suna, ya zauna kusa da tarawa da ɗebewa kamar tare aka haife su.

Da za a raba irin doya sai na ƙera nawa, na kira shi ƙwarya. A kasuwa ɗari-ɗari ake ƙirga doya, kowace ɗari ƙwarya guda, don haka umarnin nan yana mayar da buƙatar kowane manomi ƙwarya-ƙwarya, ya watsar da ragowar. Na ƙera wani mai share duk wanda ya fito sifili, wai kada a ɓata takarda, na ɗaure su biyun da wata alama tawa. Layi ɗaya tak! Har shugaban ƙungiya na kira ya gani, ya yi ta gyaɗa kai bai gane komai ba.

Aka yi rabo, motar da ta kai irin ta dawo wayam. Bayan kwana biyu wata tsohuwa daga Agyaragu ta shigo ofis da buhunta a naɗe a hammata.

"Ɗana, sun ce sunana babu ciki. Ni ya rubuta fa, tun kafin ruwa," ta ce da Hausarta da ba ta nuna ba.

"Mama, bari in duba," na ce, na riga na ɗora laifin kan masu rabo.

Na buɗe jerin asali, ga ta nan, guda tamanin ta nema. Tamanin bai kai ƙwarya ba, ya zama sifili, sifili kuwa ni na ce a share. Na sa kwamfutar ta fito da duk wanda ya nemi ƙasa da ɗari, sai allo ya cika, ina gangarawa suna ƙaruwa. Duk masu ƙananan gonaki ne, waɗanda don su aka kawo irin tun farko. Ba wanda ya zalunce su sai ni, ina zaune ƙarƙashin fanka ina yaba wa kaina.

"Ka gan shi?" ta tambaya.

"Na gani, Mama. Laifina ne."

Ba ta yi faɗa ba. Ta warware buhun ta miƙo mini.

"To ba komai, zuba mini tamanin ɗin in tafi. Na riga ya yi huɗa."

Ko guda ɗaya bai rage a sito ba.