Rariyar da ta ƙi gaisuwa

Shekarun da nake sakatariya a biro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma a Tasawa, mu bakwai ne ke da akwatin imel, amma rariya ɗaya ta cikin na'ura ke tace mana saƙonnin banza. Wani ma'aikaci daga Maraɗi ya girka ta, ya ce da abin da darekta ke zubarwa za ta koyi aikinta. To, shi darekta kullum ƴan damfara ke damunsa, kuma wasiƙunsu da addu'a da doguwar gaisuwa suke farawa. Sai rariya ta ɗauka duk mai yawan gaisuwa ɓarawo ne.

Wakilinmu na garin Hawandawaki kuwa dattijo ne da ba ya shiga magana sai ya tambayi gida da gajiya da ruwa. Damina ta yi nisa, tsutsa ta faɗa kan gero, ga shi maganin feshi ba ya fita daga wurinmu sai da rubutaccen rahoto da hoto. Sau uku yana aikowa, sau uku rariya na watsar da shi. Ranar da ya iso kan moto, wato babur, yashi har gira, ya tambaye ni a hankali ko laifi ya yi mini. Na buɗe kwandon sharar imel ɗina, ga saƙonninsa jere. Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Darekta ya ce abu mai sauƙi ne, a gaya wa tsoho ya rage gaisuwa. Raina ya ɓaci, na ce masa:

“Ranka ya daɗe, ba zan koya wa sa'an babana rashin ladabi don na'ura ta ji daɗi ba. A ba kowa rariyarsa.”

Ma'aikacin Maraɗi ya ce aiki ne mai yawa. Na ce ina da lokaci. Kwana huɗu ina kiransa har ya gaji da muryata, ya raba mana. Na zauna na bi saƙonnin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ina nuna wa tawa rariyar cewa waɗannan mutanen kirki ne.

Saƙon dattijon na gaba ya shigo lafiya lau, da gaisuwarsa cikakkiya. A ƙasa ya rubuta cewa maganin ya iso, an gode, amma a ajiye sauran don baɗi, gonakin gabas tsutsa ta cinye su, babu abin da za a fesa wa kuma.