Maganin Alhaji Sale

Har yau ban manta da ranar da Likita ya tura ni Rawayau da motar asibiti ba, ba don ɗauko mara lafiya ba, don neman magani. Ku sababbin direbobi ku saurara, ba zan maimaita ba.

Shekarun baya na kwashi mutum biyu a sati guda, duk ciwon zuciya, irin wanda jijiya ke toshewa mutum ya faɗi. Alhaji Sale mai hatsi na Dutsin-Ma, shi aka kai Kano aka sa masa ɗan bututu a jijiyar. Malam Audu manomi daga Rawayau, shi ƙwayoyi kawai aka ɗora shi a kai. A ɗakin jinya suka ƙulla abota. Ƙa'idar ita ce kowa ya sha magani kullum har ƙarshen rayuwa, mai bututu ma ya fi buƙata, don in ya bari bututun toshewa yake.

Da tafiya ta yi nisa, Malam Audu na zuwa awo a kan babur, garau, har noman rani yake a dam ɗin Zobe. Alhaji kuwa sai haki, ƙafa ta kumbura. Likita ya rasa gane kan abin, tunda duk wata Alhaji na aiko a karɓar masa magani. Ya ce in aka ci gaba haka Alhaji ba zai ga wata damina ba.

Ranar nan Likita ya tsare Alhaji ya tambaye shi yaya yake shan ƙwayoyin.

"Ni? Ai ni an gyara ni a Kano, Likita. Malam Audu ne ba a yi wa aiki ba, bawan Allah. Shi nake aika wa."

Likita ya cire tabarau. Yanzu tsoronsa ya koma kan Malam Audu, kada a ce ninki biyu yake sha. Shi ne aka ce in tafi.

Na tarar da shi yana gyaran rumbu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya shiga ɗaki ya fito da kwalla cike da ƙwayoyin Alhaji, ko ɗaya bai taɓa ba. Nasa yake sha. Na ce to me ya hana ya faɗa?

"Haba direba, babban mutum ya yi maka alheri ka mayar masa?"

Na ɗauko shi da kwallar. Rabin ƙwayoyin duk sun lalace. A gaban Likita, Alhaji ya ji kunya ya haɗiye ƙwaya, Malam Audu na ba shi haƙuri kamar shi ya yi laifi. Alhaji na nan da ransa, hakin ya ragu.

Tun daga ranar na daina tambayar mutanenmu ko sun karɓi magani. Wa ke sha nake tambaya.