Ranar da Abba Ya Yi wa Kanal Tafinta

Wata Asabar ce a watan Yunin 1976, shekarar da London ta yi zafin da ciyawar filin wasanmu ta ƙone ta koma ja. Ina da shekara tara. Na fito daga gidanmu da ke wani bene a unguwar Thamesmead ɗauke da bokitin ruwan wanke-wanke, zan zuba wa tumatir ɗin da Umma ta shuka a tsofaffin gwangwanaye, don hukuma ta hana ɓarnar ruwa, sai na yi tuntuɓe rabin ruwan ya kwarare a kan takalmin wani tsoho da ke zaune a bakin ƙofa ta uku daga tamu. Na daskare ina jiran faɗa. Shi kuwa sai ya dubi ɗankwalina, ya yi murmushi, ya yi mini sallama da Larabci mai daɗin da ban taɓa jin irinsa ba sai a kaset ɗin karatu. Na amsa. Ya ɗaga ƙafa ya girgiza takalmin, ya ce da Turanci ai na kyauta, dama zafi ya dame shi.

Abba ya taho da mu daga Kano ne don ƙaro ilimin Larabci a wata jami'a da ke cikin gari. A shekarun nan arzikin mai ya cika London da Larabawa, wasu neman magani, wasu sayayya, kuma duk suna neman mai fassara, don haka bayan karatu yakan yi aikin tafinta. Unguwarmu kuwa siminti ce zalla, dogayen baranda a sama suna haɗa wannan gini da wancan, ga tafki, ga wasu dawakai da ake ɗaurewa a gefen hanya. Hausawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Umma tana tuƙa tuwo da garin shinkafa, tana ririta kuka da daddawar da ake aiko mata kamar magani. Ranar Asabar mu hau bas zuwa kasuwar Woolwich, nama kuwa sai Abba ya je Whitechapel. Aikina shi ne sharar baranda, da wanke-wanke, da ban ruwan tumatir, in na gama in zauna ina 'yar carafke ni kaɗai da tsakuwar da na tsinto a bakin tafki. Daga wannan Asabar aka ƙara mini wani aikin, wato kai wa tsohon nan kwanon abinci, don Abba ya je ya gaishe shi ya tarar ba shi da kowa.

Kanal ake ce masa, ni kuma na mai da shi Kaka Kanal. Ya baro ƙasarsu ne bayan sojoji sun hamɓare sarkinsu, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a duniya. Yana cikin samarin farko da aka turo Ingila su koyi tuƙin jirgin yaƙi tun kafin a haifi Abba. In na kai abinci sai ya buɗe wani akwatin hotuna, ni kuma in manta da sauran aikina. Ya ce jiragensu na katako ne da ƙyalle, fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya, matuƙi na zaune kansa a waje iska na dukan fuskarsa. Ya ba ni labarin yadda suka tuƙa su tun daga nan har gida, suna yada zango gari bayan gari, da yadda aka ja garma a tsakiyar sahara aka yi doguwar kunya don matuƙi ya riƙa bi kada ya ɓata, da ranar da suka sauka jama'a suka ɗauke su a kafaɗa, mata na guɗa, ana yanka raguna. Yakan ce, “Kafin mu, ɗiyata, sama ta Bature ce shi kaɗai.”

Wannan magana ta shige ni sosai. A makaranta ni kaɗai ce mai ɗankwali, kuma akwai masu tambayata ko raƙumi muke hawa a garinmu. Na roƙi Kanal ya ara mini hotonsa yana saurayi, sanye da hular fata da tabarau, ya jingina da jirginsa. Na kai aji, malama ta liƙa shi a bango har aka yi hutu, na ce wa kowa kakana ne. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi kakana ya zama Balarabe. A wajen tsallen igiya ma sai aka fara ba ni wuri.

A ƙarshen hutun ne wata tawaga ta zo daga ɗaya daga cikin ƙasashen mai don sayen jiragen yaƙi. Kamfanin Turawan da ke sayarwa ya shirya musu walimar rana a wani babban otal, aka ɗauki Abba tafinta, wani kuma ya tuna akwai tsohon matuƙi a gari wanda zai ƙawata taron. Kanal ya ce ba zai je ba sai da jikarsa, don gwiwarsa na ciwo, yana son mai riƙe masa hannu. Umma ba ta so ba. “Wurin manya ne, me yarinya za ta je yi?” Amma na yi ta magiya har ta haƙura, ta goge mini atamfar sallata, ta ɗaura mini ɗankwali da kanta.

Abin da na fara gani a otal ɗin shi ne ruwa yana tsartuwa daga bakin wani kifin dutse yana zuba a banza, alhali mu a gida ruwan wanka ma ba ma zubarwa. A zauren cin abinci an jera raguna gasassu sukutum a kan tudun shinkafa, kawunansu na nan, idanu a buɗe. Kowane tebur an ɗora masa ɗan jirgin wasa na azurfa. Maza sun kai talatin, wasu da alkyabba, wasu da kwat, wasu da kakin soja, ana ta yagar nama ana hayaƙin sigari, ga turare ya gauraya da ƙaurin kitse. Aka zaunar da ni kusa da Kanal, Abba yana tsaye a bayan shugaban Turawan. Da aka ci aka ƙoshi, wani hafsa matashi ya roƙi Kanal ya ba su labarin fitarsa ta farko.

Ya miƙe ba tare da ya nemi hannuna ba. Ya tara gutsattsarin burodi a kan tebur, ya ɗauki cokali ya riƙa shawagi da shi a samansu yana magana da Larabci, baƙin suna ta dariya. Ni ma ina murmushi, don ban ji abin da yake faɗa ba. Sai Baturen ya waiwaya ya tambayi Abba abin da ake wa dariya, Abba kuma ya fara fassarawa da Turanci, harshen da nake ji sarai.

Wani ƙauye ne a bakin kogi, a cikin ƙasarsu, mutanensa sun ƙi ba da 'ya'yansu a sa su soja. Aka tura su Kanal da safe, ranar kasuwa, kamar yadda Turawa suka koya musu. Mutanen ba su taɓa ganin jirgi kusa haka ba, sai suka fito kallo, yara na bin inuwarsa suna ɗaga hannu. Ya sauko ƙasa ƙasa har yana ganin fuskoki, sannan ya saki bama-baman da ya ɗauko. Nan ya buga cokalin a tsakiyar burodin, gutsattsarin suka watse har kan cinyata. Abin dariyar kuwa wata mata ce da ke gudu da tukunya a kai, ta ƙi yar da ita, ya zagayo ya bi ta sau biyu, ita kuma tana ta gudu hannunta ɗaya na riƙe da tukunyar. Kanal ya kwaikwayi gudunta, ya ɗora hannu a kai yana karkace ƙugu, kitse na ƙyalli a gashin bakinsa.

Duk wannan daga bakin Abba na ji shi, da muryar da yake biya mini karatu bayan sallar asuba, a hankali, kalma bayan kalma, bai tsallake ko ɗaya ba. Baturen ya yi dariya shi ma, ya ɗaga ɗan jirgin azurfa ya ce da irin nasu na yanzu ba sai mutum ya sauko ya ga kowa ba. Abba ya mayar da wannan ma zuwa Larabci. Aka tafa. Kanal ya zauna yana haki don murna, ya yago tsoka da hannun da ya riƙe cokalin, ya miƙo mini har bakina. Na ji ƙamshin naman. Na ruga na sami banɗaki mai famfo ruwan zinariya, na amayar da duk abin da na ci, har ya ɓata gaban atamfata.

A hanyar komawa Kanal ya yi ta gyangyaɗi rungume da ɗan jirgin da aka ba shi kyauta. Da muka zo matakala ya miƙo hannu, na ɓoye nawa a baya, Abba ne ya riƙe shi. Washegari Umma ta zuba tuwo ta miƙo mini, na ce ba zan kai ba. Ta riga ta ji komai wajen Abba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta yafa mayafi ta ce, “Maƙwabci ne, kuma tsoho ne. Ba don halinsa muke ba shi ba.” Ita ta ci gaba da kaiwa har muka tashi daga unguwar. Hoton kuwa na tura masa ta ƙarƙashin ƙofa.

Sau ɗaya muka sake magana. Ina shara ya tare ni a baranda, idanunsa sun yi raurau, ya tambaye ni laifin da ya yi mini. Na ce ina son in sani ko matar nan ta tsira. Ba kunya ya ji ba, ƙoƙarin tunawa ya yi. Sannan ya ce, “Ban waiwaya ba, ɗiyata. Man jirgina ya kusa ƙarewa.” Na ɗauki tsintsiyata na shige gida, na wanke hannuna da sabulu, ko da yake bai taɓa ni ba.

Abba bai bar aikin ba. Ya ƙara shekara biyu yana yi wa irin waɗannan tawagogi tafinta, kuma na san rigar sanyina da takalmin makarantata daga nan suka fito, na kuma sa su. Na daɗe ina jin haushinsa ban faɗa ba. Sai da ya tsufa a Kano, na je ganinsa da 'ya'yana, na tambaye shi dalilin da bai sassauta maganar ba alhali ina wurin. Ya ce, “Na yi zaton in suka ji ta yadda take, wani a cikinsu zai ajiye cokalinsa. Ba wanda ya ajiye, Bilkisu. Ni ma ban ajiye aikina ba.”

Yanzu a Woolwich nake zaune, Hausawa sun yi yawa, daddawa ma a shago ake sayenta. Jikokina suna jin Hausa su amsa mini da Turanci, kuma a wayarsu sukan ci karo da bidiyon yaƙi da aka ɗauko daga sama, babu sauti, wasu ɗige-ɗige na motsi, sai hayaƙi ya tashi, su wuce zuwa na gaba. Ba na iya kallo tare da su. Wani lokacin nakan yi kewar tsohon da na sani na wata biyu, mai fara'a da labarai, wanda ya sa na ɗaga kai a cikin aji. Sai in tuna shi ne dai ya miƙo mini naman.