Man Shanu a Birkin Motar Baba

Masana tarihi sun ƙarar da tawada wajen yabon wanda ya fara sa ƙarfe ya yi gudu. Ni dai a ɗan karatuna ban ga abin yabo a tafiya ba, jaki ma ya iya ta. Wayewar ɗan Adam tana farawa ne ranar da ya koyi tsayar da abin da ya tayar. Magana ce babba, na sani, kuma ba a aji na same ta ba. Duk sa'ad da aka narka man shanu a gidana, ƙamshin ya iso inda nake, ita nake tunawa, tare da wata 'yar koriyar mota da ta zauna a ƙofar gidanmu a Ƙanƙara.

Babana dillalin auduga ne. Ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma gida, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Mutanen gari sun ce alfahari ne. Gaskiyar ita ce don mahaifiyarsa ya saya. Yanar ido ce ke rufe wa Kaka idanu a hankali, har ta kai ba ta tsintar tsakuwa a wake, mu jikoki kuma da tari take bambanta mu. An ce akwai likita a Kano da ke cire yanar. Ita kuwa ta taɓa shiga babbar mota sau ɗaya, ta yi amai tun daga tasha har Malumfashi, ta rantse ba ta ƙarawa. Sai a kai ta kafin ruwa ya sauka, domin hanyoyinmu na lokacin, damina na zama ake rufe su.

Aibin motar ɗaya ne. In Baba ya taka birki, sai ta saki wani kuka siriri mai shiga haƙori, karnukan unguwa su amsa. Da Kaka ta ji daga tsakar gida, sai ta ce, "Mi ka yi wa abin nan yake kuka haka?"

"Birki ne, Inna. Haka nan yake."

"Babu abin da ke kuka haka nan. Ni ba ni shiga abin da ba a lallasa ba."

Sai ka san gidanmu kafin ka yi dariya. A wajen Kaka, duk abin da ya yi kuka bushewa ce ke damunsa, maganin bushewa kuwa man shanu. Da shi aka bi da jariri mai rigima, da ƙyauren zaure, da sirdin da ya tsage, da faso a dugadugan manoma, kuma a sanina bai taɓa ba ta kunya ba. Baba ma ya taɓa ji a tashar Funtuwa direbobi na maganar man birki, saboda haka shawarar ba ta yi masa kama da wauta ba. Ko da ta yi, ba a tashe shi da musa wa uwa ba.

Da hantsi aka narka man a kasko. Baba ya cire tayoyin ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowace akwai wani kwanon ƙarfe mai 'yar huda, ta nan ya riƙa ɗura man da ludayi, yana bi da gashin kaza. Kaka na zaune a tabarma tana ba da umarni kamar ungozoma. Da aka gwada a fili, motar ta yi tsit. Kaka ta juyo inda take zaton nake, ta ce, "Ka ji ko, ɗan miji? Yunwa ce."

Washegari muka tafi Pauwa don ta yi sallama da ƙanwarta kafin tafiyar Kano. Akwai wani gangare da ke sauka cikin busasshen rafi. Na ga ƙafar Baba ta kai ƙasa, na ga ya ɗaga ya sake takawa, na ji ya fara salati. Itatuwa suka shiga wucewa da saurin da ban san suna da shi ba. Motar ta sauka, ta yi tsalle, ta nutsa hancinta cikin yashi. Babu wanda ya ji ciwo. Baba ya ƙanƙame sitiyari. Kaka, wadda ba ta ga komai ba, ta gyara mayafinta ta ce, "Har mun iso? Ka ji, ko uffan ba ta ce ba."

Shanun noma ne suka jawo mu gida.

An aika Funtuwa aka zo da bakanike. Ya iso da kwalbar man birki a aljihu, ya zagaye motar yana neman inda zai zuba, bai samu ba. Sai da ya kwanta a ƙarƙashinta ya ga wayoyi sun miƙe daga gaba zuwa kowace ƙafa. A nan muka koyi, shi da mu, cewa ƙananan motocin nan iri biyu ne masu fuska ɗaya: wata mai ne ke tura birkinta ta cikin bututu, wata waya ce ke ja. Tamu mai waya ce, ba ta shan komai. Da ya buɗe kwanon, ya zaro ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar lauje, a bayansu da wata fata mai kaushi wadda ita ce ke cizon kwanon. Ya sunsuna.

"Malam, wanga da an sa daddawa ai sai a kawo tuwo."

Ya dafa su da toka. Ya gasa su a wuta. Da sun huce sai su sake gumin mai. Ya ce sai sababbi, aka ba wani direba mai zuwa Kano saƙo. Waɗanda suka zo na mai bututu ne, ba su zauna ba, aka mayar. Kullum da yamma Baba na tsaye a ƙofar gida yana duban gabas, hadari na ƙara duhu. Kaka kuma ta daina tambayar wa ya shigo.

Na daidai sun iso bayan an yi shuka, an rufe hanya. Bakanike ya sa su, ya ɗaure wayoyin har ƙafafu huɗun suka kama tare, ya koya wa Baba ya riƙa kakkaɓe ƙurar kwanon, domin ashe ƙura ce dama ke sa kukan. Baba, da tsoron gangaren Pauwa bai sake shi ba, ya ja birkin hannu iya ƙarfinsa, ya rufe motar da zana, ya ce sai bayan girbi.

Kaka ba ta kai girbi ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta ana tsakiyar ruwa. Kwanakinta na ƙarshe ta riƙa shafa fuskar Baba da tafin hannu, tana cewa ya rame. Bai sake ɗaga zanar ba sai da rani ya yi nisa, lokacin kuwa tsatsa ta riga ta manne sababbin ƙarafan da kwanoninsu. Samarin unguwa suka tura har suka gaji. Baba ya ce a bar ta.

Yau an shimfiɗa kwalta, kuma ana cire yana da safe mutum ya kwana a gidansa. Amma hanyoyin Faskari da Sabuwa, mai hankali ba ya bin su sai da addu'a, kuma abin da direba ya fi tsoro yanzu shi ne a tsayar da shi. Na karantar da yara shekaru masu yawa cewa gaba ake yi. Ban tabbata na gaya musu gaskiya ba.

Bayan rasuwar Baba, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da sarƙa da babbar mota suka ja ta. Ta bar layi huɗu a ƙasa tun daga ƙofar gida har bakin titi. Ko ƙafa ɗaya ba ta juya ba. Birkin na riƙe.